Guzurin Baƙon da Ka Ƙi Faɗin Sunansa

Beppu, huɗu ga watan Yuni

Zuwa ga Tetsuro, sanyin idona, inuwar hutuna, hasken da ke riga rana faɗowa a kan tekun garinmu,

Ina gaishe ka da gaisuwa mai ɗumi irin na tururin maɓuɓɓugan ruwan zafi na Beppu, wanda bai taɓa hucewa ba tun kafin a haifi kakanninmu. Haka ƙaunarka take a ƙirjina: ana ruwa tana tafasa, ana ɗari tana tafasa! Yau shekara biyu da wata uku ke nan da kamfaninku ya ɗauke min kai ya kai Brazil, ya bar ni da tsohuwata da masaukin baƙinmu mai ɗaki tara. Kullum ina yi wa matafiya shimfiɗa, alhali matafiyi ɗaya tak zuciyata ke jira.

Wasiƙarka ta iso shekaranjiya. Da na karanta inda ka ce za ka sauka ran ashirin ga wata, sai da na zauna a kan matakala don murna. Sannan na kai layi na gaba. Wai ba kai kaɗai ba ne, akwai baƙo daga wurin aikinku da bai taɓa taka Japan ba, in rubuto abin da zai buƙata, in kuma ajiye masa ɗaki. Baƙo! Ba suna, ba shekaru. Ka san harshenmu ba ya tilasta wa mutum ya ce "shi" ko "ita", ka kuwa samu maɓoya ka shige. To, karɓar baƙi sana'ata ce tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Zan faɗa maka, in ya so kai ma ka faɗa min.

Ya taho da takalmi marar igiya, wanda za a zare a tsaye, don a yini ɗaya sai ya cire shi sau goma. Safarsa kada ta kasance da huji, kar yatsa ya leƙo ya ba ka kunya a kan tabarmar mutane. Ka ce in tanadi silifas na cikin gida lamba ashirin da uku. Tetsuro, farin watana, lambar ƙafata ke nan. Wane ƙato ne a kamfanin injinan noma yake yawo da ƙafa irin tawa?

Fasfonsa ya zauna a jikinsa duk inda za shi. Ya riƙe kuɗi a hannu da 'yar jakar tsaba, don tsofaffin unguwarmu har gobe ba su yarda da kati ba. Katin shiga jirgin ƙasa ku saya tun a filin jirgi, babban akwati kuma ku ba masu kai kaya gida, washegari zai iso ƙofata. Ya sa ƙaramin tawul a aljihu na goge hannu, da leda ta zuba shararsa, tunda sai ya yi tafiyar awa bai ga kwandon shara ba. Ka ce masa a ƙasarmu kowa shi ke ɗaukar abin da ya ɓata ya kai gida. Kai ma ban sani ba ko kana tune da wannan.

Ka tambaya ko mai zane a jiki zai iya shiga wurin wankanmu. Ka ce ɗan ƙarami ne, hoton tsuntsu, can ƙasan kafaɗar hagu inda riga ke rufewa. Zai iya, in ya manna filasta a kai, ya kuma cuɗa jikinsa tas kafin ya shiga ruwan. Amma in riga na rufewa, ya aka yi idonka ya kai? Har ka san tsuntsu ne, har ka san hagu ce! Ni da ka yi shekara huɗu kana nema, rufe ido ka faɗa min a wane kunne tabona yake.

Sai maganar magani. Ya kawo takardar likita, don akwai ƙwayoyin da ake hana su wucewa a filin jirgi, har da wasu na mura. Ka ce nasa na ƙarin jini ne, kuma kada in ba shi gasasshen kifi da safe, warinsa na tayar masa da zuciya. Na karanta wa tsohuwata wannan wurin tana yanka albasa. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙarin jini, da tashin zuciya da safe? Ke Chizuru, ni dai uku na haifa, kada ki sa ni magana." Na ce wataƙila gyambon ciki ne. Ta ce, "I mana. Irin wanda ke warkewa a wata tara."

Da a nan abin ya tsaya, da na ce bakin tsohuwa ne. Amma jiya a kasuwar kifi na yi kiciɓis da yayarka Fumie. Ta kama hannuna tana washe baki, ta ce, "Ƙanwata, barka! Tetsuro ya bugo waya ya ce in fito da kimono, rigar auren marigayiya Mama, in shanya ya sha iska." Da ta ga yadda na yi tsuru, sai murmushin ya zube daga fuskarta. Ta ce, "Af, bai gaya miki ba? Kai, wannan baki nawa!" Ta suri kwandonta ta bar mai kifi riƙe da canjinta. Ruwa ba ya tsami banza, Tetsuro. Wa za a sa wa wannan kimono? In ni ce, me ya hana ka rubuta? In ba ni ba ce, da wace fuska za ka sa ni yi mata shimfiɗa?

Ka tuna ranar da muka hau unguwar Kannawa muka dafa ƙwai da dankali a tururin ƙasa? Ka yi gaggawar buɗe kwandon, tururi ya lashe maka yatsu, na tsoma su a ruwan sanyi ina yi maka faɗa kana dariya. A ranar ka ce in ka dawo za ka aure ni, ka ɗauki sunan gidanmu, ka gyara bututan wanka da hannunka, mu tsufa muna tarbar baƙi tare. A kan wannan maganar na sallami mutumin Fukuoka da ke son sayen masaukin, har sau biyu. Ƙarshen watan nan zai dawo jin amsar ƙarshe, tsohuwata kuma gwiwoyinta sun daina hawan bene. Me zan ce masa?

Na san zato zunubi ne. Wataƙila matar abokinka ce, ko 'yar maigidanka da aka damƙa maka amana. Na yi ta jera maka uzuri kamar yadda nake jera kwanukan shinkafa, amma da na juya baya sai in ji sun zube. Ya raɓar safiyata, ya ruwan da ke raya shukata, kalma ɗaya nake roƙo kafin ka hau jirgi: sunanta, da abin da take a wurinka. In gaskiyar mai ɗaci ce, gara in sha ta a takarda da in sha ta a gaban jama'a.

Ko ka amsa ko ka yi shiru, ɗakin yana nan a share, ɗakin da ke kallon teku, don ba a taɓa wulaƙanta baƙo a gidan ubana ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Laima kuwa kada ku saya, ko da yake tsakiyar damina za ku sauka. Zan zo tashar jirgin ƙasa da guda biyu: ƙarama ta mutum ɗaya, da babba mai ɗaukar mutum biyu. Kai zan miƙa wa babbar. Wadda ka kira ta shiga ƙarƙashinta tare da kai, ita ce amsata.

Taka, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi wani ba, kuma ba za ta duba ba muddin ruwan Beppu na tafasa,

Chizuru