Duwatsun Inna Tasallah

Juma'a, 3 Rajab 1446

Yau ma Rilwanu ya ce bukra, wato gobe. Tun gemunsa na baƙi nake cewa ya kai ni hanyar Badar in nemi kabarin mahaifiyata, Inna Tasallah. Yanzu furfura ta cinye gemun, har yau bukra in sha Allah. Ɗan da na haifa, ga mota a ƙofar gida. Wai gwiwata. Wai ba mai gane tulin duwatsu bayan wannan zamani. Ni zan gane. Da hannuna na kwaso su ina yaro, Baba yana jerawa.

Ban yi makaranta ba. Da ɗan ajamin da na tsinta a bakin masallaci nake wannan rubutu, tunda takarda ba ta cewa bukra.

Asabar, 4 Rajab

Sundus, 'yar Rilwanu, ta shigo jiya da ƙura har gira. Na ce amarya, wa ya kore ki? Ta yi dariya ta ce, "Haikin, ya Sidi." Sidi ne kaka a bakinta. Ina mata Hausa tana mayar mini da Larabci, kamar kullum.

Wai kalmar Turawa ce. Doguwar tafiyar ƙasa cikin duwatsu, don jin daɗi, ba don akwai inda za ka ba. Mota ta kai ka, ka yi ta tafiya, ka dawo wurin motar. Na ce to zuwa masallacin Kuba da nake yi da ƙafa daga nan unguwarmu Ranuna fa? Ta ce a'a, sai da hawa da gangara. Har ta ƙara da cewa in farashi ya yi tsalle ma haka Turawa ke kiransa. Na ce ba farashi na tambaye ki ba. Mu da muka taso daga ƙasar Daura da ƙafa, muka keta Cadi da Sudan, ana noma wa mutane ana gaba, me sunan namu?

Ta daɗe tana kallon takalminta. Ta ce wannan ba haikin ba ne. Ba ta faɗi sunansa ba.

Talata, 7 Rajab

Sanda biyu Sundus take riƙewa, yarinya mai lafiyar ƙafa. Inna ko ɗaya ba ta samu ba.

Juma'a, 10 Rajab

Sundus ta kawo mini wayarta, jawwal ɗin nan, in ga hotuna. Wani kwari ne ta yamma, wajen hanyar Badar ɗin. Na ga duwatsu an ɗora wani kan wani, tsaf, kamar an jera kwanoni. Ta ce alamar hanya ce, don na baya kada ya ɓace, duk wanda ya wuce yana ƙara ɗaya. Na ce daga ina kuke ɗauka? Ta ce daga ko'ina, akwai tsofaffin tuli da suka zube a gefen kwarin, ba sai an wahala ba.

Na ture jawwal ɗin. Ban ci abinci ba. Mutanen gida sun ce rigimar tsufa.

Lahadi, 12 Rajab

Ƙafafun Inna sun tsage tun a Sudan, tana naɗe su da tsumma. Da jirgin ruwa ya sauke mu, muka yi Makka, ta ce saura gaida Manzon Allah. A cikin duwatsun nan ta zauna gindin wata ƙaya, ta ce mu ɗan jira. Sannan ta ce, "Ku je ku gaida shi, ku ce ina hanya."

A nan ta cika. Ƙasar ba ta haƙuwa da kyau. Shi ya sa duwatsun, saboda kura. Baba ya sa wani fari mai faɗi a wajen kai. Na isar da gaisuwar, yadda ta ce.

Kura ta bar ta. Yanzu masu takalmin haikin ne ke ɗiba ɗaya ɗaya.

Laraba, 15 Rajab

Na faɗa wa Rilwanu 'yarsa tana tone kabarin kakarsa don wasa. Ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah, kwari nawa ne tsakanin nan da Badar?" Na ce kai ka ƙirga, tunda ba ka taɓa taka ko ɗaya ba.

Ashe tana bakin ƙofa. Ta shigo idonta jawur, ta ce me ya sa ba a taɓa gaya mata ba. Na ce ba a tambaye ni ba. Rilwanu ya ce ai kullum maganar mota nake yi, ba maganar Inna ba. Ƙarya yake. Ko ma dai mene ne, na zaunar da ita na faɗa mata, tun daga Daura. Ba ta taɓa jawwal ba har na gama.

Juma'a, 24 Rajab

Bayan asuba Sundus ta zo da motarta. Ta miƙo mini sanda ɗaya cikin nata. Na ce ba na so. Na riƙe don kada ta ji kunya.

Kwarin ya fi yadda na san shi faɗi. Ko kuwa ba shi ba ne. Duk ƙayar da na duba irin waccan ce, duk dutsen da na ɗaga kai na gani na ce shi ne, in mun matsa sai wani ya fi shi kama. Gwiwa tana ta cizo, ban faɗa ba. Ita ma ba ta ce mu koma ba, sai ta riƙa tsayawa wai tana ɗaura igiyar takalmi.

Can muka tarar da wani tuli ƙasa ƙasa, dogo daga gabas zuwa yamma, yadda kabari ke kwanciya a ƙasar nan. Rabinsa an ɗebe. Kusa da shi ga alamar masu haikin tana tsaye. Babu farin dutse.

Sundus ta ce, "Kaka, nan ne?" Da Hausa. Bakin ya karkace, amma Hausa ce.

Na ce ban sani ba.

Shekara da shekaru ina cewa zan gane.

Ta ajiye sandarta, ta rushe alamar, ta riƙa ɗauko duwatsun tana mayarwa kan tulin. Na zauna a ƙasa ina jerawa, yadda Baba ya yi. Muka yi addu'a ga ko wane ne a ciki. Ba mu kaɗai muka bar namu a hanyar nan ba.

Na ce kada Rilwanu ya ji ban gane ba. Ta ce tayyib, wato to.

Alhamis, 30 Rajab

Gwiwa ta kumbura, ta sace. Rilwanu ya kawo man shafawa da kansa. Sundus ta ce ta faɗa wa abokan tafiyarta, sun daina taɓa tsofaffin tuli. Mu gani.

Sandar tana bayan ƙofata. Mantawa ta yi da ita. Na tambaye ta wane kwari za su gobe, don in sani ne kawai. Akwai wani can gaba da ba mu shiga ba. Ni ba haikin nake yi ba, ina da inda za ni.

Amma farin dutsen nan ba ƙafa gare shi ba. In can ne, wani ya ɗauke shi, in ba can ba ne, wani ya wuce ta gefensa ya gan shi. Duk masu sanda biyun nan da suka cika duwatsu, a ce ba wanda ya gani? Inna ta ce tana hanya. Ni dai wani ya ba ni amsa kafin a ɗauke ni zuwa maƙabartar Baƙi'a: a ina ta tsaya?