Na goge wa jikata karan busa da reza, ita ake zargi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, don a nan Beltsville, garin da nake a ƙasar Turawa, ko tari na yi an san ni ne. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutun, aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a bayan taga.

Ni tsoho ne, na haura sittin da biyar, ina zaune wurin 'yata mai aikin nas. A gida sana'ata busa algaita ce, shekara talatin ina yi a bukukuwa, har yau kumatuna ba su koma daidai ba. To Allah da ikonsa, jikata 'yar shekara sha biyar, wadda nake tsokana da Amarya, ta shiga ƙungiyar masu busa algaitar nan ta Turawa mai jaka a hammata, irin ta 'yan badujalar soja. Har gasa suke yi, alƙali na zaune da takarda yana ba da maki. Tun da ta fara nake cika mata baki, ina cewa wannan ai algaitar malalata ce, mu a kumatu muke ajiye iska, su sai an ɗinka musu jaka. Ita kuma ta ce Kaka kishi kake yi.

A cikin sandar da take sa yatsu akwai ɗan kara siriri, shi ne ke ba da sautin. Malamarsu, wata dattijuwar Baturiya, ita ta zaɓa mata shi, wata biyu yarinyar tana busa shi kullum don ya saba da ita kafin gasa. Ni kuwa duk lokacin da take gwaji sai in ga fuskarta ta kumbura, jijiyar wuya ta tashi, na ce a raina karan nan ya yi tauri. Saura kwana biyu gasar, tana makaranta, uwarta na asibiti, na buɗe akwatin na zaro shi. Na yi masa abin da muke yi wa namu, na ɗan kankare shi da reza, na jefa a baki ya jiƙa ya yi laushi, na mayar. Ban san nasu ba ya son yawu ba. Kuma na manta da goro a bakina.

Niyyata idan ta ci in fito in ce aikina ne. Ranar gasa na sha babbar riga, na zauna a gaba. Ta fara lafiya, tana hawa sama abin ya ƙwala wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya sake, ya sake. Ta dai daure ta kai ƙarshe, ta sauko ba ta kalli kowa ba. Ni na fi kowa tafi.

Malamar ta zare karan ta ga an kankare, ga kuma ja a bakinsa. Ta tambaye ta ko ta taɓa, ta ce a'a. Ta ce mata faɗuwa a gasa ba komai ba ne, amma ba ta tafiya da mai ƙarya, don haka ta cire ta daga layin da zai je gasa ta gaba sai ta faɗi gaskiya. Uwarta ma ta hau ta da faɗa a mota tun daga can har gida, ina gaba ina kallon titi kamar an aiko ni ƙirga motoci. 'Yar tawa dama ta sha roƙona, Baba don Allah ka daina gyara abin da bai lalace ba, tun ranar da na kwance mata na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi a gida.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne shekaranjiya. Yarinyar ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɗora karan a tafin hannuna, da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce Kaka kai ne gwani, duba mini me ya same shi. Jan goron yana kallona, ina kallonsa. Na buɗe wannan bakin nawa na ce sanyin ƙasar nan ne. Ta dubi haƙorana, ta daɗe tana dubawa, ta ce to, ta karɓi abinta. Tun daga nan in na ce Amarya ba ta amsa da tsokana, sai dai na'am Kaka. Kuma ba ta faɗa wa uwarta komai ba. Yarinya ƙarama tana rufa mini asiri, ni da furfura ina barin ta da sunan maƙaryaciya.

Asabar za su koma wurin malamar. Na san in ban je ba an cire ta ke nan. Amma jama'a da wa zan fara, da yarinyar, ko da uwarta, ko in tafi kai tsaye wurin Baturiyar? Ga shi Turancina bai wuce gaisuwa da tambayar bas ba. Idan na tsaya gaban matar nan zan ce ni ne na yi, jikar tawa ce za ta yi mini tafinta. Ku faɗa mini yadda zan dubi idonta in ce Amarya, fassara mata.