Na'urar da Ta Mutu Kafin Kawuna Ya Gama Magana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Na'urori na ƙungiyarmu, babban biro (ofishi), Yamai.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka, da fatan iyali suna cikin ƙoshin lafiya.

Ni ma'aikacin fili ne a reshenmu na Maraɗi. Ilimin noma na karanta a jami'a, ba ilimin na'ura ba, kuma waɗanda suka san ni za su shaida ba ni da yawan magana. Na rubuta maka ta hanyar biro fiye da sau ɗaya game da saitin wuta na ordinatocin, wato kwamfutocin, da aka raba mana. Amsar da ta dawo ita ce tsari ɗaya ne ga kowa, kuma an kulle shi saboda tsaro. Na fito fili ne yau domin abin da nake gudu ya riga ya auku, kuma hanyar sake aukuwarsa a buɗe take.

Kamar yadda ka sani, aikinmu shi ne naɗar muryoyin tsofaffin manoma a kan irin hatsi na gargajiya kafin su tafi da iliminsu. Doka ta ce da ordinatar ƙungiya kaɗai za a naɗa, ban da wayar hannu. Na bi wannan doka. Ga abin da na tarar a na'urar da aka damƙa mini.

Na farko, an ɗora ta a kan cikakken ƙarfi, hasken fuskarta a ƙure. Idan na nemi mayar da ita tsarin tattalin batir, sai ta tambaye ni kalmar sirri wadda ke hannunku.

Na biyu, rufe murfinta ba ya sa ta barci. An bayyana mini cewa a Yamai kuna haɗa ta da babban allo a kan tebur, murfi a rufe, shi ya sa. A wurinmu kuwa, ma'anar wannan ita ce tana ci gaba da shan batir a cikin jaka, a bayan moto, wato babur, cikin rana.

Na uku, an kashe ƙarar gargaɗin ƙarewar batir, kuma idan ya ƙare, mutuwa take yi kai tsaye maimakon ta ajiye aikin da ke buɗe ta yi dogon barci. A biro mai kuran, wato wutar lantarki, da injin ko-ta-kwana, babu wanda zai taɓa lura da wannan.

Ranka ya daɗe, ɗaya daga cikin dattawan da aka ba ni shi ne kawuna, Malam Ɗan Jimma na Tsibiri, yayan mahaifiyata. Ya daɗe yana ƙin na'ura. Sai bayan kaka, da ciwo ya kwantar da shi, ya aiko a kira ni in zo da ita.

Na cika batir a gidana a unguwar Zariya ta Maraɗi, na rufe murfi, na kama hanya. Amma a gidan dattijo ba a shiga da aiki a hannu. An yi gaisuwa, an tambayi kowa da sunansa, an kawo fura, maƙwabta sun shigo dubiya, an yi sallar la'asar. Duk wannan lokaci na'urar tana aiki a cikin jaka. Da na fiddo ta, da zafi take, batir ya yi ƙasa da rabi. Gidan kawu babu kuran. Na gwada rage mata ƙarfi, ta nemi kalmar sirri. Na lissafa cewa abin da ya rage zai iya kai mu, in kuma bai kai ba, za ta yi ƙara in ajiye abin da aka samu. A lokacin ban san an kashe gargaɗin ba.

Muryarsa ta yi rauni, don haka na ajiye na'urar a kan tabarma dab da matashinsa, ni kuma na zauna wajen ƙafafunsa, kaina a sunkuye. A wurinmu ba a katse babba, ba a kuma leƙa wani abu yana cikin magana.

Ya yi bayanin irin geron da ake kira zango, da maiwa, da yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun tana tsaye a gona, da yadda ake ajiye ta cikin toka da ganyen bedi, wato dogon yaro. Daga nan, ba tare da na tambaya ba, sai ya shiga maganar ƙanwarsa, mahaifiyata, wadda ta rasu ban kai ga riƙe kamanninta ba. Ya ce a gidansu ita ake bari ta zaɓi iri, domin idonta ba ya kuskure. Ya kwatanta tafiyarta, da dariyarta, da abin da ta ce ranar da aka raɗa mini suna. Tun tasowata babu wanda ya taɓa zama ya ba ni labarinta haka. Ina saurare, zuciyata a kwance, ina ganin ƴaƴana za su ji wannan daga bakinsa.

Da ya yi shiru, na matsa na tarar da fuskar na'urar baƙa ƙirin. Ban san lokacin da ta mutu ba. A Maraɗi na jona ta, na buɗe, babu komai, ko gaisuwar farko.

Na koma na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce in bari ya ji ƙarfi ya maimaita. Bai ji ƙarfin ba. Mun kai shi makwancinsa kafin sanyi ya wuce.

Ina so in auna maganata. Ban ce kai ka yi sanadin rasuwarsa ba. Kwana ne ya ƙare. Ban kuma ce kulle na'ura ba shi da dalili ba. Abin da na ce shi ne an tsara ta domin ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa, aka aike ta garuruwan da ba su da wutar, kuma da muka yi magana ba a saurare mu ba. Bayanin iri na rubuta abin da na tuna. Maganar mahaifiyata kuwa, kullum wata kalma tana zame mini, ba ni kuma da wanda zan tambaya.

Yanzu saura Inna Hajo ta Jiratawa, tsohuwa ta ƙarshe a yankinmu da ta san tsofaffin irin nan da sunayensu. Jikinta ya yi nauyi, kuma ta amince in zo kafin damina. Saboda haka ina roƙo:

A ba ma'aikatan fili ikon sauya tsarin wuta da rage haske da kansu. A sa rufe murfi ya zama barci. A dawo da ƙarar gargaɗi, a kuma sa na'ura ta ajiye aiki kafin ta mutu. Sannan duk wanda zai tsara mana na'ura nan gaba, ya fara yini ɗaya da ita a ƙauye.

Idan lokacin zuwana Jiratawa ya yi ba a gyara ba, ina sanar da kai tun yanzu, a gaban jama'a, cewa zan ajiye wayata a gefen Inna Hajo in naɗa. Na san doka ta hana. Zan karɓi duk hukuncin da ya biyo baya ba tare da gardama ba.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya tsare maka iyayenka in suna raye, ya ji ƙansu in sun rigaye mu. Allah ya sa kana da muryarsu a ajiye.

Wassalam.

Laminu, ma'aikacin fili, reshen Maraɗi.