Sallama da Hannu

Tudun Wada, Zariya

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya zafin Maiduguri? Ya ɗana Sadik, har yanzu ba ya juyowa in an kira shi?

Karatun digiri na biyun nan kan kula da ƙananan yara masu naƙasa ya kankama. Makon jiya aka tura mu wata makarantar kurame. Na shiga aji na rangaɗa sallama yadda na saba, ba wanda ya ɗago. Sai malamarsu ta nuna min yadda ake yi da hannu. Ina gwadawa, wata 'yar shekara huɗu ta amsa min tana dariya. Yaya, sai da na yi ƙwalla. Kullum in na dawo daga makaranta a Kongo ina yin sallama a ƙofar ɗakina, alhali na san ba kowa ciki.

Ki gaida Inna, ku sa ni a addu'a. Don Allah kada ki jira Sadik ya girma, malamanmu sun ce da wuri ake farawa. Ki kawo min shi in koya masa, ko na samu mai amsa min sallama.

Ƙanwarki,
Bilkisu