Akwatin Tebur na Huɗu

Kumasi, 3 ga Mayu

Zuwa ga uwargidana Serwaa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai jego da jaririn. Yaya ruwan Mampong? Ni ƙalau nake, sai dai fufun da nake saya a bakin titi bai kama ƙafar naki ba.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Kin san gwajin da nake shirya wa ɗalibai a ɗakin lantarki: a haɗa naɗin waya da kafasita, ɗan gwangwanin nan mai shan wuta ya riƙe, sai a yi ta murɗa maɓalli kamar mai neman tasha a rediyo, har a kai lambar da allurar mita za ta yi tsalle ta kai ƙarshe. A takarda, lambar tebur na huɗu dubu ɗaya da ɗari shida ce. Wata ɗaliba, Pokuaa, 'yar shiru-shiru, ta samu dubu biyu da ɗari biyu da sittin. Malaminsu Dakta Oduro ya zabga mata jan biro. Ta sake, ta kuma samun haka. Ya ce mata a gaban aji, "Shekara da shekaru kowa na samun daidai a teburin nan, sai ke? Ko naki lantarkin daga ƙauyenku kika taho da shi?" Aka kwashe da dariya. In ba ta ci gwajin nan ba, sai ta maimaita shekara.

Ki shafa mini kan jikana.

Mijinki,
Ampofo

Kumasi, 11 ga Mayu

Serwaa tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce ciwon bayan ya yi sauƙi. Kin tambaya me ya haɗa ni da yarinyar. To, ga abin da ban taɓa faɗa miki ba.

Shekara tara da suka wuce, ni da hannuna na ƙona kafasitan teburin nan. Shugabanmu na lokacin ba ya ɗaukar wargi, sai na sulale zuwa kasuwar Kejetiya na sayo wani. Babu irinsa, mai rabin ƙarfinsa na samu. Na cusa shi cikin akwatin katakon da ke rufe kayan teburin, na ɗaure, na bar tsohon rubutun a jiki, da niyyar canzawa a mako mai zuwa. Na yi ta jiran wani ya yi ƙorafi, shiru. Ashe yaran nan littafin 'yan gaba da su suke kwafa, har suna suka sa masa, wai littafin gado. Shekara tara kowa na rubuta lambar da teburin ba zai iya bayarwa ba.

Jiya ta yi karo na uku. Ta duba kowace waya, ta goge tabaraunta, ta ce, "Kawu, ko idona ne ya lalace?" Na ce ta ƙara natsuwa. Ni ne na faɗi haka, Serwaa, ina kallon allurar tana ba ta gaskiya. Saura wata huɗu in yi ritaya, har an saya mini yadin kente na liyafar sallama, ga shi tsoro nake ji kamar sabon ma'aikaci. Kunyar kaina ta ishe ni.

Ki gaida su Maame duka.

Naki,
Ampofo

Kumasi, 16 ga Mayu

Uwargida,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarki ta iso, layi uku kacal na cewa in faɗi gaskiya, kuma na ji.

Ranar Litinin na kira Dakta, na kwance akwatin a gabansa, na faɗa masa abin da na yi, na sa shi ya murɗa maɓallin da kansa. Allura ta tashi daidai inda Pokuaa ta ce. Sai ya buɗe jakarsa ya miƙo mini rahoton da ta kawo masa da safiyar nan. Dubu ɗaya da ɗari shida, da rubutu mai tsabta, har ya riga ya ba ta maki. Ta gaji, ta je ta ari littafin gado.

Ya yaga wannan, ya ba ta makin na farko, ta tsallake. Ni kuma an ba ni takardar tuhuma, liyafa sai abin da hali ya yi. Wannan bai dame ni yadda na zata ba.

Na tare ta a gindin mangwaro don in ba ta haƙuri. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi godiya ba. Ta dube ni ta ce, "Kawu, sau uku fa kana tsaye a bayana." Ta gyara jakarta ta wuce.

Ina nan tafe ranar Asabar a motar farko. Kada ki tambaye ni komai sai na ci abinci.

Mijinki mai kewarki,
Ampofo