Barmo ya ɓoye hajar da bata sayuwa

Assalamu alaikum yaya Attahir. Gaisuwa mai yawa daga Tanut har Tamanrasat, da fatan kana lafiya kai da mutan gidanka, Allah ya ƙara ƙarfin jiki ya tsareka daga sharrin baƙunta. Mu nan sai godiya. Inna Hajjo ƙafar ta yi sauƙi har tana zagaya gida tana faɗa. Ramla matata ta sauka, namiji, kowa yace ni ya biyo dan kyau, ban musa ba. Kasuwar dabbobi kuma kasan ƙanenka, duk Damargu babu dillalin da ke shan gabana, ran kasuwa har Buzayen Belbeji ke jirana kamin su sallama raƙumi.

To abinda yasa na rubuto, ƙanenmu Barmo ne da shagonshi na wasan ordinatar, wato kwamfuta, da samari ke biya suna bugawa. Da can faifai yake saye, in an gaji dashi ya saida ya cika ya ɗauko wani. Yanzu wai an waye, babu faifai, ta rezo, wato intanet, ake saye. Wasa ɗaya jika arba'in, sefa dubu arba'in kenan! Kuɗin da bature ke biya a Faransa shi zaka biya a Tanut, kai da ke jiran damina. Babu tayi, babu albarka, babu wanda zaka kama hannunshi kace rage mini. Sunan wannan ciniki? Ni ko akuya mai zawo bana saidawa haka. Kuma bayan ka biya sai ka sake sayen mega na intanet ka zauna gindin antan, ƙarfen nan na rezo, kana sauke kayanka kaman mai tatsar busassar saniya.

Sai masu saida wasannin sukayi abinda suke kira promo, suka karya kuɗin. Gogan naka yaga araha, yace ai kaka ce tayi. Ya tafi Gangara ya buɗe rumbun Inna ya saida hatsi, ya kwashi wasanni ya jibge, wai zai ɓoye kaman gero sai sunyi tsada ya fito dasu. Da kuɗin ya koma sama yazo wajena yana taƙama, in samo mishi mai saye in ci la'ada. Nace ya kawo kayan in gani, ya nuna mini hotuna a gilas ɗin ordinatar. Nace to ina igiyar da zan miƙa ma mai saye? Hashimu mai gyaran salula ya duba yace kayan sun liƙe da sunan Barmo har ya mutu, basu sayuwa basu kyautuwa, ko gado baya tabbata a ci. Kuma jiya an sake wata promo ƙasa da yadda ya saya. Na yi dariya har hulata ta faɗi. Su masu abin suna can cikin sanyi suna ɗaga kuɗi suna saukewa yadda suka so, shi yana nan da kaya kaman hayaƙi. Ya ƙara ma samari kuɗin bugawa dan ya fanshe, suka watse suka koma ƙwallo a fili.

Dariyar ta tsaya ne da Sakinatu matarshi ta faɗa mini yana neman mai sayen bijiminka da ka bar mishi kiwo, wai ya maida hatsin kamin Inna ta leƙa rumbu. Ban jira ba, na je na kwance sa na ɗaure ƙofar gidana. Yazo yana ihu wai kai ka bashi amana, nace to amanar ta sauya gida. Zai kiraka yayi maka daɗin baki da faransanci, kada ka aiko mishi ko dala. In zaka taimaka aiko ta hannuna in auno ma Inna gero, dan abinda ya rage baya kaita shuka. Sa kuma baya fita sai naji muryarka da kunnena.

Ka gaida Mariyama da su Hamza da Samira, da Gajere in har yanzu yana binka aiki. Inna na sa maka albarka, bata san komi ba tukuna.

Ƙanenka da yafi kowa ido a kasuwa,
Tanko dillali