Fulogin da Baba ya ɗaura mini

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Yau kwana tara ke nan ina yawo kamar wadda aka doka wa guduma a ka, abinci ma sai an tuna mini nake ci.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, da aurena da 'ya'ya biyu. Mahaifina bakanike ne, ya yi shekara arba'in da ɗoriya a ƙarƙashin motocin mutane kafin ciwon baya ya zaunar da shi a gida. Mutum ne da mota za ta wuce ƙofar gidanmu yana zaune, daga jin kukanta kawai ya faɗi abin da ke damunta, shi ya sa direbobi ke ce masa Mai Kunne. Mu da tsofaffin fulogi muka yi wasan ƙuruciya, yana da wani gwangwanin madara da yake tara su.

Bara na sayi mota irin ta yanzu, wadda in an buɗe bonet ba a ganin komai sai murfin roba. Kwanan baya ta fara nawa wajen tashi da safe, mai garejin da ke duba mini ita ya ce lokacin canza fulogi ya yi. Na sayo sababbi huɗu a kwalinsu, na biya gida in gaida su Baba kafin in wuce gareji. Baba na ganin kwalin ya ce wato yana raye zan kai wa wani ya ɗaura mini fulogi? Mama ta yi ta ƙyafta mini ido tana cewa a bar shi ya huta, na ɗauka mitarsu ce ta tsufa da suka saba. Na miƙa masa makulli, muka shige ɗaki muna hira. Bayan kamar awa ɗaya ya shigo yana goge hannu da tsumma, yana wani murmushi da na daɗe ban gani a fuskarsa ba.

A hanyar komawa motar ta ɗan riƙa karkarwa, na ce wataƙila sabon abu ne bai zauna ba. Washegari da rana na ɗauko yara daga makaranta, na fito zan wuce wata tirela a babban titi, ina taka totur sai motar ta shaƙe. Tana tari, sitiyari na rawa a hannuna, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa a gabana, ga babbar mota ta taho ta gaba tana danna hon. Har yau ban san yadda na koma bayan tirelar nan na gangara gefen titi ba. Ƙaramar 'yata fitsari ta saki a zaune.

Aka ja motar zuwa gareji. Shi mai garejin a hannun Baba ya koyi aiki shekara ashirin da suka wuce. Ya jona na'urarsa, ya kwance, ya jera fulogin huɗu a kan benci. Anti, ko ɗaya babu sabo a ciki. Tsofaffi ne na gwangwanin Baba, kowanne da irinsa, an kankare bakinsu da samfefa. Ɗaya ma na janareta ne. Ɗaya an murɗa shi a karkace har ya ci haƙoran raminsa. Kwayil guda kuma, wato abin da ke aika wa fulogi wuta, ɗora shi kawai aka yi, wayarsa ba ta shiga sosai ba.

Na ce ba zai yiwu ba, Baba ko ido rufe ba zai yi wannan aikin ba. Sai bawan Allahn nan ya sunkuyar da kai ya ce tawa ce ta uku. Motar wani maƙwabci da ta ɗan ƙanen Baba duk sun zo masa a haka cikin 'yan watannin nan, ya gyara ya yi gum, don kada mutuncin maigidansa ya zube.

Na nufi gidanmu. Sababbin fulogin a firji na same su, cikin kwalinsu, bayan robar ruwa. Na tambayi Baba a hankali, ya dube ni da zuciya ɗaya ya ce, "Wace motar, uwata? Ai ban taɓa motarki ba." Ba ƙarya yake ba, Anti, bai tuna ba ne. Nan Mama ta fashe da kuka, ta ce ya kusa shekara yana haka. Zai nemi hula tana kansa, zai tambayi abu sau biyar, ran nan ma ɓata ya yi a hanyar dawowa daga kasuwar kayan gyara, sai wani direba ne ya kawo shi. Ta ɓoye mana don kada a ce mijinta ya taɓu.

Ni da nake jinyar iyayen wasu kullum, ban ga nawa ba. Mijina ya ce a kwashe kayan aikin Baba a kulle, a sanar da duk unguwa, shi mijin nawa kuma har ya daina amsa gaisuwar mai garejin. Yayana ya ce in muka raba Baba da sifana mun binne shi da ransa. Ni haushin Mama nake ji, ina kuma jin kunyar haushin. Jiya ma na tarar da wani ya faka mota a ƙofar gidan yana sallama da Baba. Yaya zan yi?

'Yar Mai Kunne

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da wannan firgici, barka da arziki ke da yaran.

Mu fara da abin da ba ya jira. Daga yau Baba ba zai sake ɗaura wa kowa komai a mota shi kaɗai ba. A nan mijinki ya yi gaskiya, rai ya fi kunya. Amma ba sai an yi shela a unguwa ba. Masu kawo masa mota ba su da yawa, yayanki ya same su ɗaya bayan ɗaya cikin mutunci, ya fara da mutumin jiya, a kuma duba motarsa in Baba ya taɓa ta.

Yayanki ma bai yi ƙarya ba. Kada a kwashe kayan aikinsa. Mai garejin ya kawo masa tsohon inji da ba zai sake hawa titi ba, ya riƙa kwancewa yana ɗaurawa. Ya kuma riƙa ɗaukarsa zuwa gareji wasu ranaku, a ba shi kujera, a tayar da inji a nemi jin ra'ayinsa, aikin hannu kuwa wani ya yi.

A kai shi asibiti cikin makon nan, kada a jira. Kin fi ni sanin cewa mantuwa irin wannan tana da dalilai da yawa, wasu ana maganinsu, wasu ana rage musu gudu in an tara da wuri. Ki tafi da Mama, don ita ta san ranar da abin ya fara, ki kwashi duk magungunan da yake sha a nuna wa likita, a duba idonsa ma.

Mama da mai garejin sun yi kuskure babba, shirunsu ya kusa cin rai uku, kuma ya kamata su ji hakan daga bakinki sau ɗaya, ba da faɗa ba. Daga nan a wuce wurin. Matar nan shekara guda tana ɗauke da kayan nan ita kaɗai, yanzu mai kama mata take buƙata. Ke ma ki daina tuhumar kanki. A asibiti da idon ma'aikaciya kike kallo, a gida da idon 'ya, ga shi kuma an rufe miki.

Batun mota, na tambayi wani ƙwararren bakanike. Ya ce fulogin motocin yanzu bakinsa siriri ne, ba a kankare shi, canza shi ake yi da ainihin lambar da littafin motar ya faɗa, a lokacin da ya faɗa. Ana ɗaurawa ne bayan inji ya huce, a fara murɗawa da hannu kafin a sa sifana. Ramin fulogin da haƙoransa suka ci yana gyaruwa, amma a duba kwayil ɗin duka da tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, don man da bai ƙone ba yana lalata ta. Duk ranar da mota ta fara karkarwa ko fitilar nan ta riƙa ƙyaftawa, a nemi wuri a tsaya, kada a ce bari a lallaɓa.

Kada ki matsa wa Baba sai ya tuna, kada kuma a ba shi labarin tirela, ba abin da zai ƙara masa sai baƙin cikin da ba zai san inda ya fito ba. Ki yawaita zuwa, ki zauna kusa da shi, ki bar shi ya yi ta ba ki labarin motocin da ya tayar, ko da kin ji sau goma. Allah ya ba shi lafiya, ya ba Mama juriya, ya haɗa kanku a kan kula da shi.

Antinku